Amsa ga mai tambaya kan yaronsa da fiyano

Malam, ka ce ɗanka mai shekara 11 a ƙauyenku na wajen Kazaure ya ƙwallafa rai a kan fiyano, kana tambayar ta ina masu kiɗan gargajiyar Turawa suke farawa.

Da wuri suke farawa. Lang Lang, mashahurin makaɗin fiyano na ƙasar Sin, yana ɗan shekara 3 ya soma, sunansa kuma ya fito a 1999, yana da 17, da aka kira shi ya maye gurbin wani makaɗi da bai da lafiya a Amurka. Wasu ta gasa suke fitowa, kamar gasar fiyano ta Chopin da aka fara a 1927 a Warsaw, babban birnin Poland, ana yin ta kusan duk shekara biyar.

Amma ɗanka bai makara ba. Matsalar ita ce kayan aiki. Ƙaramin kibod mai maɓalli 61 da ake sayarwa a Sabon Gari ba zai kai shi nesa ba. Fiyano na gaske 88 gare shi, maɓallansa kuma da nauyi, su ke ƙarfafa yatsu. Ka nemi na lantarki mai 88, sola ma ta ishe shi. Na katako kam, hunturunmu zai busar da shi.

Sannan ya koyi karanta rubutun kiɗa wurin malami, kunne kaɗai ba ya isa. Jarrabawar ABRSM, wato hukumar jarrabawar kiɗa ta Burtaniya, mataki 8 ce, makarantar koyon kiɗa ta MUSON kuma tana Legas idan ya girma.