Ga ɗan'uwan da mashin ke ƙi masa kwana

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da ka kwatanta shi ne ya taɓa kwantar da ni a gadon asibiti. Ka ce in ka shiga kwana da ɗan gudu sai mashin ya yi maka taurin kai, kana ta kwantar da jiki shi kuma yana buɗewa yana neman barin layinka. Sannan wani ya ce maka in za ka yi dama ka tura mariƙin dama gaba, kai kuma kana ganin ai hagu hakan zai kai ka, shi ne kake tambaya ko gaskiya ne.

Gaskiya ne. Wanda ya gaya maka ya yi maka gata, ka riƙe shi hannu bibbiyu. Za ka yi dama, tura mariƙin dama gaba. Za ka yi hagu, tura na hagu. Kuma ba sabon abu za ka koya ba, tun ranar da ka fara hawa keke hannunka yake yin haka ba tare da ya yi shawara da kai ba. Da ba ka yi, da ko kwana ɗaya ba ka taɓa karyawa ba. Matsalar ita ce ranar da ka tsorata hannun sandarewa yake yi, in kuma kanka bai san abin da hannun ya saba yi ba, babu mai ba shi umarni.

Ni wanda ya koya min tuƙi, babba ne a wurina, ina ganin girmansa ƙwarai a lokacin. Abin da ya dasa min a kai shi ne, "Kan mashin ba na juyawa ba ne, na riƙewa ne. Da ƙugu ake kwana." Kullum maganarsa ke nan. In ya ga hannuna ya motsa sai ya daka min tsawa. Na ɗauki wannan magana kamar karatu, kuma a ƙaramin gudu ta yi ta yi min aiki, ko in ce na zaci ita ke yin aikin.

Ranar da abin ya faru kwanar dama ce, irin mai tsukewa a tsakiya, wadda kana shiga za ka ga kamar mai sauƙi ce sai ta ƙara naɗewa. Kwalta fes, babu yashi, babu ruwa, tayoyina lafiya lau. Na kwantar da jiki kamar yadda aka koya min, mashin ya ɗan bi, daga nan ya ƙi. Na ƙara zamewa daga kan kujera, na danna gwiwa a jikin tanki, ina jin jijiyar cinyata tana ja, shi ko a jikinsa. Ina kallon farin layin tsakiya yana matsowa ƙarƙashin tayar gaba, ya wuce ta, ga babbar mota ta taho. Har yau ina iya ganin ƙarfen gabanta, fentin ya ɓare a gefe guda, fitila ɗaya a fashe. Idona ya kafe a kan fitilar nan, na kasa ɗauke shi. Hannuwana biyu sun miƙe sun sandare kamar ba nawa ba. Na damƙi birkin gaba, mashin ya miƙe tsaye cak ya nufi motar kai tsaye. Allah ya saka wa direban nan da alheri, ban san shi ba, ban sake ganinsa ba, shi ya kauce ya ba ni wuri. Na wuce ta gabansa na faɗa gefen titi. Kafaɗata ta goce, salansa ta kwanta min a ƙwauri, ina jin ƙaurin fatata amma na kasa janye ƙafar sai da mutane suka zo suka ɗaga mashin ɗin. Tabon yana nan.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne zuwan malamin nawa dubiya. A gaban mahaifiyata da ƙannena ya ce, "Tsoro ne kawai ya kayar da shi, ba shi da zuciyar mashin. Da ya kwanta sosai da ya wuce." Ya faɗa yana dariya. Ina kwance ban iya ko juyawa ba, na yi shiru saboda girmansa. Ɗan'uwa, na kwanta! Na kwanta har na kusa barin kujera! Abin da ya koya min shi na yi tun daga farko har ƙarshe, bai tsaya ya tambayi kansa ko karatun nasa ne da gyara ba. Daga baya da na fahimci yadda abin yake, na same shi cikin ladabi na yi masa bayani, sai ya ce wai yaran zamani sun cika surutun intanet, shi ya yi shekara da shekaru a kan mashin bai taɓa tura wani mariƙi ba. Na tsaya na kalle shi yana tafiya, ina ganin tafin hannunsa yana tura mariƙi a kwanar farko da ya shiga. Yana yi, bai san yana yi ba, kuma har yanzu yana koya wa yara cewa da ƙugu ake kwana. Wannan ne yake ci min rai, ba tabon ƙafata ba. Na yafe masa abin da ya faɗa a kaina, amma duk yaron da na ji an ce shi ya koya masa sai na ja shi gefe.

To bari in dawo kan tambayarka, ka yi haƙuri, abin ne ya taso min.

Mashin ba ya karya kwana sai ya kwanta, kuma ba ya kwanciya sai tayoyin sun fice daga ƙarƙashin nauyinsa. Ka tsayar da doguwar sanda a tafin hannunka. In kana so ta faɗi dama, hagu za ka ja tafin. Haka mashin yake. Ka tura mariƙin dama gaba, tayar gaba ta ɗan kalli hagu, ta gangara hagu, nauyinka da na mashin ya rage a dama babu abin da ya tokare shi, sai ku kwanta dama. Wannan kallon hagun na ƙiftawar ido ne, kuma kaɗan ne ƙwarai, mai kallo daga gefe ba zai ma lura ba. Da zarar mashin ya kwanta, yadda aka ƙera gabansa, wato wurin da taya ke taɓa ƙasa yana ɗan bayan layin da kan mashin ke juyawa a kai, shi zai sa tayar ta dawo ta bi kwanar da kanta. Kai naka ka sassauta turin in kwanciyar ta kai yadda kake so. Kana son ƙarin kwanciya, ƙara turi. Za ka miƙe bayan kwanar dama, tura mariƙin hagu.

A tafiyar da ba ta wuce ta ƙafa ba, kamar juyawa a wurin ajiye mashin, nan kam juya kai kake yi inda za ka, shi ya sa mutane ke rikicewa. Amma daga wajen kilomita 20 a awa zuwa sama turin ne ke mulki, kuma gudu na ƙaruwa mashin na ƙara nauyin kwantarwa. Mai ƙafa uku daban ne, shi ba ya kwanciya, juya shi ake yi kamar mota, kada wanda ya saba da shi ya ba ka shawara a nan.

Kar ka ga laifin kanka don abin ya ƙi shiga kanka. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi jirgin sama a 1903, sana'arsu kafin jirgin kekuna ce, kuma ya rubuta cewa ya tambayi mahaya keke da yawa yadda suke yin hagu, bai samu ko ɗaya da ya faɗi abin daidai a tambayar farko ba. Akwai kuma makarantar koyon tuƙin babur a Amurka, California Superbike School, da suka haɗa wani mashin mai kai biyu, na biyun a kafe yake a jikin mashin ba ya juya taya. Mahayi ya riƙe kafaffen ya yi ta jefa jiki hagu da dama, mashin ɗan karkata kawai yake yi, ba ya karya kwanar kirki. Ranar da na ga bidiyon nan sai da hawaye ya zo min, don abin da na yi ta yi ke nan a gaban motar nan. Ba wai jiki ba shi da amfani ba, yana taimakawa, musamman a ƙaramin mashin mara nauyi. Amma taimako ne, ba shi ne tuƙin ba.

Sannan akwai binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, aka fitar a 1981, inda suka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. Sun gano cewa kashi 92 cikin ɗari na mahayan da abin ya rutsa da su, ko dai su suka koya wa kansu ko 'yan'uwa da abokai ne suka koya musu. Sun ce iya tura mariƙi a kauce wa haɗari kusan babu shi sam a wurinsu, kuma yawanci lokacin da mahayi ke da shi kafin karo bai kai daƙiƙa 2 ba. A cikin daƙiƙa 2 babu zancen tunani. Abin da hannu ya saba shi zai yi.

Don haka don Allah kada ka fara gwadawa a kwanar da take ba ka tsoro. Nemi fili mai kwalta mai tsabta, babu motoci, ka sa hular kwano, ka miƙe a kilomita 25 zuwa 30. Buɗe tafin hannun dama ka ɗan tura mariƙin gaba a hankali. Gaba fa, ba ƙasa ba, mutane da yawa danna shi ƙasa suke yi su ce bai yi aiki ba. Za ka ji mashin ya faɗa dama nan take, har sai ka ɗan razana. Tura na hagu ya dawo. Yi ta yi har ya zama ba ka tunaninsa. Ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka saki kafaɗu, ka matse tanki da gwiwoyinka don kada nauyinka ya tafi kan mariƙi. Kuma ka lura da ɗaya hannun, shi ne munafukin. Dama na turawa, hagu na tokarewa saboda tsoro, sai su cinye juna, kai kuma ka ce mashin ya ƙi. Ina kyautata zaton wannan ne taurin kan da kake ji.

Ido kuma, ido! Inda ka kafa ido can za ka. Ka juya haɓarka gaba ɗaya ka kalli mafitar kwana, ba lambatu ba, ba motar da ke tahowa ba. In ka ga kana buɗewa, ka ɗauke ido daga abin da kake tsoro da ƙarfin tsiya, ka ƙara tura mariƙin ciki. A busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mashin yana da sauran kwanciya fiye da yadda zuciyarka ke gaya maka. Damƙar birkin gaba a tsakiyar kwana miƙar da mashin take yi ya tafi waje, ko ta kwashe tayar gaba gaba ɗaya. Birki kafin kwana ake gama shi, a sauke giya, a shiga da totur a daidaice, kada a kama kuloci a bar mashin yana yawo.

Amma kar ka ji wannan ka ɗauka lasisin gudu ka samu. Kwanar da ke zagaye da nisan mita 30 daga tsakiyarta, a kilomita 40 kwanciyar kusan digiri 23 take nema. A kilomita 60, kwanar nan dai, sai ka kwanta kusan digiri 43, inda mashinan hawa na yau da kullum da yawa matakin ƙafarsu ya fara kartar ƙasa. Ƙarin 20 kacal. In kuma akwai yashi, ko man da ya zuba, ko ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba, turi ba zai ƙirƙiro maka riƙon da taya ba ta da shi ba. Can rage gudu ne kawai magani, tun mashin yana miƙe bai kwanta ba.

Kauce wa rami ko dabba ma da turin ake yi, sau biyu a jere da sauri: ɗaya na kaucewa, ɗaya na dawowa layi. Kada ka haɗa shi da birki mai ƙarfi a lokaci guda, ka yi ɗaya ka gama sannan ɗayan. In kana da goyo ka gaya masa tun kafin ku tashi ya bi jikinka, ya leƙa ta kafaɗarka ta ɓangaren da za ku juya. Wanda ya tsorata ya miƙe zaune a tsakiyar kwana zai buɗe maka layi, kuma maganinsa dai ƙarin turi ne.

Wani abu da ban ga ka ambata ba shi ne lafiyar mashin ɗin kansa. In iskar tayar gaba ta yi ƙasa, kan mashin nauyi yake yi kamar an ɗaure shi. In tsakiyar tayar baya ya cinye ya zama shafaffe, mashin zai ƙi kwanciya da farko, sannan ya faɗa gaba ɗaya lokaci guda, abin ba daɗi ko kaɗan. Ka ɗora shi a jak ɗin tsakiya, wani ya danna baya tayar gaba ta tashi, ka juya kan a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. In ka ji yana ɗan maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu, ka kai wa bakanike kafin ka ma je filin gwajin. Ka rubuto mana wane irin mashin ne, da yadda tayoyin suke, da kuma ko kwanar dama ce ta fi ba ka wahala ko ta hagu, don in ɓangare ɗaya ne kawai yake ƙi maka, zan so a duba ko ƙafafun gaba ko firam sun taɓa lanƙwasa a wata faɗuwa.