Wasan Haƙo Kayan Tarihin Masar: A Saya Ko A Yi Haƙuri?

Tambaya: Ina buga Diggy's Adventure a waya, amma kullum ƙarfina sai ya ƙare a tsakiyar rami. In sayi duwatsu masu daraja na cikin wasan da suke tallatawa?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawa. Kamfanin Pixel Federation na ƙasar Sulobakiya ya ɗora wasan ne kacokan a kan ƙarfi: duk wurin da ka sara sai ya ci wani adadi, wani kaɗan, wani da yawa, kuma ƙarfin yana dawowa da kansa sannu a hankali. In ka sayi duwatsu ka mayar da su ƙarfi, cikin 'yan mintuna ka cinye, gobe ka koma gidan jiya.

Abin da ke ɗorewa yana sansaninka na cikin wasan. Kayan da kake jerawa a can iri biyu ne: masu sa ƙarfi ya dawo da sauri, da masu faɗaɗa abin da za ka iya tarawa. Mai leƙa waya a kai a kai ya fi buƙatar na farko. Wanda sai safe da dare yake bugawa ya nemi na biyu, don da zarar ma'aunin ya cika, ƙarin ya tsaya, sauran awannin sun tafi a banza. Ka ɗora girki kafin ka kwanta, abincin ma ƙarfi ne. A cikin rami kuma ka fara sare hanyar da za ta kai ka ga abin da aka aike ka, ragowar ka dawo musu daga baya.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 ya yi sayayya a wasan da katina na banki. Ya zan yi? Kuma yana koyon tarihi kuwa?

Amsa: Hajiya, ki nemi Google Play su mayar miki da kuɗin tun awa 48 ba su cika ba, an fi dacewa a lokacin. Sannan ki shiga saitin Play Store ki sa a riƙa neman kalmar sirri a kowace sayayya, ko ki haɗa wayarsa da Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido da ita a kan wayar yara.

Tarihi kuwa, kaɗan zai tsinta. Zai ga dala (manyan gine-ginen kaburburan Fir'aunoni masu tsini), zai ji sunayen gumakan Misirawan dā irin su Anubis, don haka ki zauna da shi ki yi masa bayani. Ki kuma gaya masa haƙon gaske ba da gaggawa ake yi ba: Howard Carter, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun kusa da garin Luksor na Masar a 1922, kayan ciki sun haura 5,000, kuma sai da aka kwashe kusan shekara 10 ana rubuta kowanne kafin a fitar da su duka.