Wane ne Tommy John da ake kiran tiyatar hannu da sunansa?

Tambaya: Malam, na fara bibiyar ƙwallon besbol ta Amurka, kuma ina yawan jin ana cewa an yi wa mai jifa wane "tiyatar Tommy John". Shi wannan Tommy John likita ne? Kuma me ke cin hannun masu jifa haka?

Amsa: Ɗan'uwa, Tommy John ba likita ba ne. Mai jifa ne, bahago, kuma a hannunsa aka fara gwada wannan aikin. Amma bari mu fara da ita kanta sana'ar.

Mai jifa yana tsayawa ne kan ɗan tudu a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai riƙe da sanda mita 18 da 'yan kai. Daga nan yake wurga ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa, kusan sau ɗari a wasa guda. Ka lura da hannunsa in an rage gudun hoton: sai ka ga ya lanƙwashe baya har kamar zai ɓalle, sannan ya fizgo shi gaba kamar bulala. Duk wannan nauyin yana sauka ne kan wata 'yar jijiya a gefen ciki na gwiwar hannu, wadda ke ɗaure ƙashin dantse da na ƙasansa. Yau da gobe sai ta fara sakewa kamar tsohuwar igiyar guga, ran nan kuma ta tsinke.

A watan Yulin 1974 ta Tommy John ta tsinke. Yana da shekara 31, yana wasa a ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, kuma kakar tana masa kyau ƙwarai, ya ci wasa 13 an cinye shi 3 kacal. A wancan zamanin duk wanda wannan ya same shi, gida yake komawa. Likitan ƙungiyar, Frank Jobe, ya ce akwai dabarar da za a gwada, amma bai ɓoye masa ba cewa damar dawowarsa ba ta wuce ɗaya cikin ɗari ba. John ya ce a yi. Ranar 25 ga Satumba, Jobe ya ciro wata jijiya daga hannun John na dama, ya huda ƙasusuwan gwiwar hannun hagu, ya zura ta cikin hudojin ya ɗaure.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wahalar da ta biyo baya. Jijiyar da ke kai saƙo zuwa yatsu ta taɓu, yatsunsa suka ƙanƙame, sai da aka sake shiga da shi ɗakin tiyata. Kakar 1975 gaba ɗaya a waje ya yi ta, yana koya wa yatsunsa riƙe ƙwallo kamar yaron da ke koyon tafiya. A 1976 ya dawo. Kafin aikin ya ci wasa 124, bayansa ya ƙara 164, kuma bai ajiye wasa ba sai 1989, yana da shekara 46. Ni kam wannan haƙurin ya fi burge ni a kan alkaluman.

In kana so ka san darajar abin da Jobe ya yi, ka dubi Sandy Koufax, shi ma bahago a wannan ƙungiya. A 1966 ya ci wasa 27, babu na biyunsa a duniyar jifa. Amma bayan kowane wasa sai ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwan ƙanƙara, ga allurai ga magungunan kashe zafi. Ƙarshen kakar ya ce ya haƙura, yana da shekara 30, don tsoron kada hannun ya nakasa. Ciwonsa na amosanin gaɓa ne, ba daidai da na John ba, sai dai ya nuna yadda masu jifa ke gamawa a lokacin da likitoci ba su da abin yi musu.

Yanzu aikin ya zama ruwan dare. Shohei Ohtani, fitaccen mai jifa ɗan Japan, an yi masa a 2018, aka sake taɓa gwiwar a 2023. Jinya kan ɗauki shekara zuwa shekara ɗaya da rabi. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu iyaye a Amurka suka ɗauka tiyatar tana ƙara ƙarfin jifa. Ba ta ƙarawa. Ƙarfin da ake gani daga hutu da motsa jikin jinya yake fitowa, kuma akwai waɗanda ba sa komawa yadda suke. Ga shi yara 'yan sakandare ma suna kwanciya a yi musu, domin suna jifa duk shekara babu hutu, kowa na neman na'urar awon gudu ta nuna babbar lamba.

Shi kuwa Tommy John bai taɓa shahara da ƙarfin jifa ba. Ƙwallonsa nutsewa take yi in ta kusa isa, mai sanda ya buge ta ƙasa, abokan wasansa su tsince ta. Da haka ya yi kaka 26 a babbar gasar Amurka.