Final Fantasy VII na 1997 a waya: har yanzu yana ciyuwa?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon sabon Final Fantasy VII a YouTube, amma ba ni da PS5. An ce tsohon yana nan a Android. Shin gem ɗin da ya kusa shekara talatin zai yi daɗi yanzu, ko asarar data ce?

Amsa: Zai yi daɗi, amma ka san abin da za ka tarar. Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a 1997 a kan PlayStation ta farko, cikin faifai uku. Remake na 2020 da Rebirth na 2024 sabon gini ne daga tushe, ba su ne ke waya ba.

Hoto ne ya tsufa. Mutanen da kake tafiyar da su kamar an sassaƙa su da katako, hannuwansu dunƙule babu yatsu. Gidaje da titunan bayansu kuma hotuna ne da aka zana tun farko don tsohuwar talabijin, kusan ɗigo 320 a 240. Wayar yau tana fito da mutanen tas, ta bar bayan da dishi-dishi, sai ka rasa ina ƙofa ina bango. Maganinsa maɓallin Select: hannu zai bayyana a kan Cloud, jarumin da kake tafiyar da shi, jajayen kibiyoyi su nuna mafita, koraye su nuna tsani.

Abin da bai tsufa ba shi ne tsarin materia, kuma shi ne ainihin dalilin da zan ce ka buga. Duwatsu ne masu launi da ake sakawa a ramukan makami da sulke: kore na sihiri, shuɗi na tallafi, rawaya na ƙarin umarni, ja na kiran dodanni. Idan ramuka biyu a haɗe suke, duwatsun suna aiki tare. Ka sa Restore, dutsen warkarwa, kusa da All, dutsen da ke yaɗa sihiri ga kowa, magani ɗaya zai warkar da mutanenka uku, sai dai a matakin farko sau ɗaya All ke aiki a kowane faɗa. Kuskuren sababbin shiga shi ne loda wa mutum ɗaya korayen duwatsu. Kowanne yana rage masa jini da ƙarfin duka, sai ka ga jarumin da kake taƙama da shi yana faɗuwa da bugu biyu. Ka ware mutum ɗaya na sihiri, ka bar sauran da sauƙi.

Faɗan ma na jiran layi ne, sai ma'auninka ya cika za ka kai hari. Idan Turancin yana ɗaukar ka lokaci, ka shiga Config ka mai da ATB, wato tsarin ma'aunin jiran nan, zuwa Wait, don abokan gaba su dakata yayin da kake zaɓen sihiri ko magani. Fassarar Turancin kanta tana da tuntuɓe. A babban faɗan farko da ƙatuwar kunamar ƙarfe, rubutun yana fitowa kamar ana cewa ka kai hari idan ta ɗaga wutsiya. Akasin haka ake nufi. Ka tsaya har ta sauke, in ba haka ba za ta watsa muku wuta ku duka. Kana gamawa da ita minti goma gare ka ka fice, kuma ka tsaya ka ciro Jessie, abokiyar tafiyarka da ƙafarta ta maƙale, don sai da ita ƙofa za ta buɗe.

Labarin kamfanin Shinra da ke tsotse ruhin ƙasa yana sayar da shi a matsayin lantarki har yau yana kama zuciya. Ka ware masa awa 35 zuwa 40.

Tambaya: Me wayata ke buƙata, kuma zan iya sauke shi kyauta?

Amsa: Na kuɗi ne a Play Store da App Store. Girmansa wajen 2GB ne, amma ka bar sarari kamar 4GB kafin ka fara saukewa, kuma da Wi-Fi. Idan Play Store ya ce bai dace da wayarka ba, kada ka bi fayilolin APK na shafukan bayan fage, nan ne ake cusa manhajojin satar bayanai.

Maɓallan kan gilashi su ne babbar matsalar waya, musamman a tseren babur da wuraren da ake son saurin hannu. Fad, wato abin riƙewa na buga gem, mai Bluetooth yana kawar da wannan. Akwai zaɓin kashe faɗan ba-zata, yana da amfani idan kana neman hanya, amma in ka bar shi a kashe ba za ka ƙara ƙarfi ba, babban dodo na gaba zai tsayar da kai. Zaɓin cika ƙarfi gaba ɗaya kuwa yana kashe daɗin materia, ban ba ka shawararsa ba.

Ka riƙa adana wasanka a gurabe biyu ko uku kana juyawa. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗin cewa a waya mota, jirgin sama ko jirgin ƙarƙashin ruwa na iya maƙalewa wajen hawa ko sauka, kuma mafita ɗaya ce, komawa ajiyar da ka yi kafin hakan ta faru.