Rabin tashoshi sun fito, rabi sun ƙi

Ka ce, "Mu'allim, na saita dish a kan Nilesat, sigina ta cika, amma rabin tashoshin sai tsinkewa suke yi. Ko in sa mai gidan ya sayi babban faranti?"

A'a yaro, kada ka sa bawan Allah asarar riyal. Matsalarka tana wuyan LNB, na'urar nan da ke gaban faranti mai karɓar sigina.

Sigina tana saukowa ne daga tauraron ɗan'adam, nisan kilomita sama da 36,000, kuma tafe take tana kaɗawa. Ɗaure igiya a ƙyaure ka girgiza ta sama da ƙasa, sannan ka girgiza ta hagu da dama. Ka ga kaɗawa iri biyu. Haka tauraron ke aiko da tashoshi, wasu a tsaye wasu a kwance, don ya ninka abin da yake ɗauka ba tare da sun haɗe ba. V da H ɗin da kake gani a risiba ke nan. A cikin LNB akwai 'yan allurai biyu, kowacce da irin da take kamawa. Risiba ce ke zaɓa: ta tura volt 13 a kama na tsaye, ta tura 18 a kama na kwance.

Abin da ya kayar da kai shi ne, tsayen tauraro ba tsayenmu ba ne. Nilesat yana digiri 7 yamma, mu a nan Jidda muna wajen 39 gabas, duniya kuwa a mulmule take. Abin da ya aiko a tsaye, a karkace yake iso mana da wajen digiri 60. Ka ɗaura LNB a miƙe, wayarsa na kallon ƙasa, to kowace allura tana ɗebo kaɗan daga nata da mafi yawan na 'yar'uwarta. Sassauta maɗaurin, ka murɗa a hankali, idonka a kan ma'aunin ingancin sigina a risiba, ba na ƙarfi ba. Ƙarfi yana ruɗin sabon shiga. Tauraron Badr da ke 26 gabas ya fi kusa da mu, murɗinsa wajen 30 ne kawai.

In ka murɗa amma na H kaɗai suka ɓace, bi waya. Danshin teku a garin nan yana cin bakin waya, sai 18 ɗin ta rage kafin ta hau saman gini, LNB ya zaci 13 aka turo masa. A tsofaffin gidajen unguwar Hindawiyya wannan ya fi komai yawa, musamman inda aka yi ta jone-jone da salatif.

Batun babban faranti kuwa, yana da ranarsa. Igiyar sigina ba ta taruwa a ɗigo ɗaya, tana bazuwa daga gefen duk abin da ta ratsa ko ta daka, kuma iya ƙanƙantar abin iya bazuwarta. Tsawon tamu wajen santimita 2.5 ne. Faranti mai faɗin santimita 60 yana kallon sama da faɗin digiri 3, mai 120 kuwa ɗaya da rabi. Shi ya sa babba ya fi tattaro sigina da kore taurarin maƙwabta, amma iska ta ɗan taɓa shi, hoto ya tafi. Ƙaramin yana da sauƙin kai, har tauraron Eutelsat da ke 8 yamma yake haɗo maka ba ka roƙa ba.

Koma gidan bayan La'asar in ƙarfe ya huce. Tafi da sufana mai lamba 10 da sabon bakin waya, ka gwada tasha ɗaya ta V da ɗaya ta H kafin ka ƙulle.