Tambayoyinku kan Git: na buga reset, aikina ya ɓace

Wasiƙun wannan makon duk sun taru ne kan Git, manhajar da masu rubuta firogiram ke adana tarihin aikinsu da ita, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 saboda aikin Linux. Ta farko ce ta fi zafi.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, barka da aiki. Cikin dare ina gyaran furojek ɗina na ƙarshe, na buga git reset --hard. Da gari ya waye sai na ga aikin kwana uku ya yi layar zana. Akwai dabara, ko in rungumi ƙaddara?"

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ka yi git commit, wato ka adana aikinka a tarihin Git, a cikin kwana ukun nan? In ka yi, aikinka yana nan daram. Abin da reset ya yi shi ne ya ja alamar reshenka (branch, layin tarihin da kake aiki a kai) baya, amma abin da ka adana bai taɓa shi ba. Buga git reflog, za ka ga jerin duk wuraren da ka tsaya, sabo a sama. Nemi layin da ke ɗauke da "reset: moving to", ka duba wanda ke ƙasa da shi; lambar da ke farkon wannan layin ita kake nema. Sai ka buga git branch ceto, ka biyo da lambar; zai buɗe sabon reshe mai suna ceto ɗauke da aikinka. Na fi son wannan hanyar da sake buga wani reset ɗin, domin wanda hannunsa ke rawa bai kamata ya kuma ɗaukar wuƙa ba. Kada dai ka yi sanya: Git kwana 30 yake riƙe irin wannan bayanin idan ba a sauya masa saiti ba.

In kuwa git add kaɗai ka yi, wato ka shirya fayilolin ba ka kai ga commit ba, gwada git fsck --lost-found. Zai tono maka abin da ke cikin fayilolin, sai dai babu sunayensu, kai za ka zauna ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa kwana a kan wannan aikin, ba daɗi, amma na tsira da kayana. Wanda ko add bai yi ba, Git bai san da aikinsa ba sam. Sai ya leƙa sashen Timeline na VS Code, manhajar rubuta firogiram, in da ita yake aiki, ko Allah zai sa a dace.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi tana tambaya: "Data na ƙarewa kafin in gama sauke babbar ma'ajiya. Ya zan yi?"

'Yar'uwa, git clone, umarnin sauke ma'ajiyar aiki, yana kwaso tarihin aikin ne kaf tun daga ranar farko. In karantawa kawai za ki yi, ƙara --depth 1, zai kawo miki sigar ƙarshe kaɗai. In za ki yi aiki a ciki, --filter=blob:none ya fi: tarihin zai zo, tsofaffin fayiloli kuwa sai kin neme su zai sauko da su. Aibinsa ɗaya, a lokacin dole ki kasance kan intanet.

Wani kuma ya ce GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, ya ƙi karɓar kalmar sirrinsa wajen tura aiki da git push, alhali daidai yake rubuta ta. Ba laifinka ba ne, malam. Tun 13 ga Agusta 2021 suka daina karɓar kalmar sirri a wannan wurin. Buga ssh-keygen -t ed25519, zai haifar da fayil biyu, makullan da za su maye gurbin kalmar sirrin. Mai .pub a ƙarshe za ka kwafa zuwa saitin asusunka. Ɗayan kuwa ko abokinka na ƙut-da-ƙut kada ya gani.

Akwai wanda ya tambaya ko an kashe git checkout. Yana nan da ransa. A 2019 ne, cikin Git 2.23, aka raba aikinsa gida biyu: git switch na sauya reshe, git restore na mayar da fayil yadda yake. Ni dai na koma kansu, saboda checkout ya sha shafe wa mutane gyara suna zaton reshe suke sauyawa. Ka dai sani shi ma restore yana shafe gyaran da ba a adana ba, kuma ba ya tambaya.