Tambayoyinku kan jinyar mai ciwon zuciya bayan an sallamo shi

Tambaya daga Funtuwa: Likita barka da aiki. Babanmu ya samu bugun zuciya sati 3 da suka wuce, tunda aka sallamo shi mun hana shi motsi ko masallaci ba ma bari ya je, amma kullum sai ƙara kasala yake.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Na san tausayi ne ya sa ku, amma wannan kwanciyar ba ta taimakonsa wallahi. Zuciya tsoka ce, in aka bar mutum a gado jiki ya saki, jini ma yana iya daskarewa a ƙafa, ga damuwa ta yi masa yawa. A asibitocin da ke da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya ana ɗaukar kamar sati 12 ana sa su motsa jiki a gaban ma'aikata, mu nan ba ko'ina ake samu ba shi ya sa aikin ke komawa kan ku 'yan gida. In likitansa ya yarda, ya fara da tattaki minti 5 zuwa 10 a tsakar gida da safe ko bayan la'asar, kar cikin zafin rana, ana ƙarawa kaɗan kaɗan har ya kai minti 30 sau 5 a sati. Ku lura, in yana tafiya yana iya hira ba haki to daidai ne. Ƙirji ya ɗaure ko jiri ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take, in bai lafa ba ku tafi asibiti. Masallaci in kusa ne ku bar shi ya je don Allah, ganin mutane ma magani ne.

Tambaya daga Zariya: Bayan na haihu ƙafafuna suka kumbura aka ce zuciyata ta yi rauni. Yanzu na ji sauƙi, zan iya daina maganin?

Amsa: A'a 'yar'uwa, kar ki daina sai an sake yi miki hoton zuciya likita ya gani da idonsa. Sauƙin da kike ji aikin maganin ne. Wannan ciwon na masu jego mun san shi sosai a Kano da Zariya. Ki bar kunun kanwa kwata-kwata, gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, ki rage magi, gishirin yini gaba ɗaya kar ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya kenan. Sannan ki zauna da maigida ku je wajen likita tare kafin wani cikin, domin ciki a kan zuciyar da ba ta gama warkewa ba hatsari ne babba.

Tambaya daga Maraɗi: Likita ina jin nauyi amma yaushe zan iya komawa ga iyalina?

Amsa: Ba abin kunya Alhaji, da yawa suna son tambaya sai su yi shiru. In kana hawa bene hawa 2 ba ciwon ƙirji ba haki, yawanci ba matsala. Wanda aka buɗe wa ƙirji ya jira sati 6 zuwa 8 ƙashin ya haɗe. Abin da nake roƙonka shi ne ka guji maganin ƙarfin maza na kasuwa, wasu ana cusa musu sinadarin Viagra ba a rubuta ba, in ya haɗu da ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe jini zai iya faɗuwa ƙasa warwas mutum ya sume.